Gishirin da ke Cikin Akwatin Baba

Kafin mahaifina ya ajiye kaki, an yi musu irin kwas ɗin nan da ake yi wa sojoji masu shirin ritaya, don kada mutum ya koma gida ya shiga zaman kashe wando. Abokansa wasu suka koyi walda, wasu kafinta. Shi kuwa ya zaɓi kiwon talo-talo, ya dawo Zuru da shi, ya gina musu ɗaki a bayan gidanmu ta wajen unguwar Rikoto, ɗakin da har ya so ya fi na girkin Mama kyau. Ta faɗi haka a gabansa, ba sau ɗaya ba.

Ya riƙe kiwon nan kamar yadda ya riƙe bindiga. Ba ya sayen abincin buhu, shi yake haɗa nasa. Masara, dusa, waken suya da aka soya aka niƙa, garin busasshen kifi, garin ƙashi, sai wasu 'yan ƙulle-ƙulle da yake zubawa a ƙarshe. Yana shiga sito ya turo ƙofa, ba mai leƙa shi, ba mai tambayarsa. Mu yara mun saba, Mama kuma ba ruwanta. Aikinta da talo-talon bai wuce ta kore su daga shukar alayyahonta ba, sai kuma in Kirsimeti ta matso ta tsaya ta yi ciniki da masu saye, don Baba bai iya ciniki ba ko kaɗan. Sojojinka, haka take kiransu. Je ka kwashe sojojinka sun shigar mini lambu.

Bayan an yanke dawa a wata shekara, Baba ya faɗi a gona. Hawan jini ne, ya taɓa masa ɓarin hagu. Allah ya sa bai tafi ba, amma hannun ya yi nauyi, ƙafar tana ja, bakin ma ya ɗan karkace, maganarsa tana fitowa a hankali. Ranar da za a sallame shi likita ya kira Mama gefe ya ce mata in tana son mijinta ya ƙara shekaru, to ta raba shi da gishiri.

Ai kuwa Mama ba ta bin umarni rabi-rabi. Tana isowa gida ta kwashe gishiri, da dunƙule, da kanwa, ta rabar wa maƙwabta. Ta ce ba za a yi tukunya biyu a gidanta ba, yana cin lami yana jin ƙanshin na wasu. Kowa ya ci abin da Baba ya ci. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Mahuta, nakan zo ƙarshen mako, in tarar da miyar kuka wadda ba ta da maraba da ruwan zafi mai kauri. Na yi ƙorafi, ta ce mai son gishiri ya san hanyar tasha. Haka na ci abina.

Ba mugunta ba ce, kada wani ya ɗauka haka. Tsoro ne. Matar nan ta yi shekaru a bariki tana jiran a dawo mata da miji daga wuraren da ba ta iya faɗin sunansu ba, kuma kullum yana dawowa da ƙafafunsa. Sai ga shi ya kusa mutuwa a gonarsa ta gado, a inda take iya hango shi daga tudu. Ta ɗaura ɗamara ta ce wannan yaƙin nata ne, kuma ba za ta sha kaye ba. Da safe ta jiƙa masa ƙafa a ruwan ɗumi ta murza, da yamma ta riƙe shi su zaga gida. A hankali ya miƙe, ya kama sanda, ya koma sito yana gauraya abincin tsuntsayensa da hannu ɗaya. Matan talo-talon suka yi kwanci, suka ƙyanƙyashe 'ya'ya cike da ɗaki. Muka ce an tsallake.

Wata Lahadi a bakin coci, mai shagon kayan miya ta unguwarmu ta tari Mama da murna, tana cewa lallai Baba ya samu sauƙi, tunda da ƙafarsa yake zuwa sayen gishiri. Ba da wata manufa ta faɗa ba, baiwar Allah. Mama ba ta tsaya gaisawa da kowa ba. Ta iso gida ta tarar yana wajen tsuntsaye, ta shiga ɗakinsa, ta jawo tsohon akwatinsa na ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ƙasan kakinsa da ya ninke ta samu leda uku, kowace da farin gari a ciki. Ta ɗanɗana. Ɗaya gishiri, ɗaya niƙaƙƙiyar kanwa, ta ukun ba ta san ko mene ne ba.

Ba na gida ranar. Ita ta ba ni labari daga baya, kuma ba ta rage wa kanta komai ba. Ta ce ta fito tsakar gida da ledojin ta ajiye a gabansa. Ya dube su, ya dube ta.

"Na talo-talo ne," ya ce.

Nan fa ranta ya gama ɓaci. A ƙauyensu ko yarinya ta san gishiri yana kashe kaza. Ita da idonta ta taɓa ganin kajin kakarta sun sha ruwan da aka jiƙa nama mai gishiri, kafin yamma duk sun miƙe ƙafa. Ta ce masa watanni tana cin lami saboda shi, ta hana 'ya'yanta da baƙinta, ashe shi yana shiga ɗaki yana lasa kamar akuya.

"Ka rasa ƙaryar da za ka yi mini sai wannan?"

Ya juya wajen tsuntsayensa. Ta kwashi ledojin nan uku ta juye a masai. Washegari da ta fito kunna wuta ta tarar da babbar robar da yake gauraya abinci a ƙofar ɗakin girkinta, da makullin sito a ciki. Ya miƙa aiki ke nan.

Da abin ya tsaya a cikin gida, da da sauƙi. Amma Mama ta kai shi zumuntar mata, ta ce a taya ta da addu'a, mijinta yana kashe kansa a ɓoye. Wanda ya san garinmu ya san roƙon addu'a ba ya kwana a coci. Kafin mako ya zagayo, tsofaffin sojojin da suke zama da shi gindin bishiyar bakin titi sun fara tsokanarsa, wai a caje aljihun oga kafin a ba shi wuri. Wasa suke yi, irin nasu. Ya tashi ya dawo gida, bai sake komawa ba. Mama kuma in za ta yi wanki sai ta juye aljihunsa ta duba. In ya fito daga ɗaki ta bi bakinsa da kallo. Mutumin da a duk zamansu bai taɓa ɓoye mata ko inda ya kwana ba, yanzu a idonta ya zama maƙaryaci, kuma wannan ya fi rashin lafiyar tasa yi mata ciwo. Shi ma haka.

Na zo hutun Ista a tsakiyar bazara. Zafin shekarar nan, duwatsun da ke kewaye da gari kamar an hura musu wuta, ko iska ta taso sai ta ƙona fuska. Na zaga baya don in ga 'ya'yan talo-talon, na tsaya cik. Mama tana ba su abin da ta saba ba kaji tun tana yarinya, dusa da tsakin masara da ragowar tuwo, kuma tana ba su har su bari. Amma ba su girma ba. Sun tsaya ƙanana, ƙirji ba nama, sai dogon wuya. Suna figar juna, bayan wasu ya zama fata zalla, gindin wutsiya jina-jina. Sun buɗe baki suna haki, fuka-fuki a sake. Wasu in sun yi taku kaɗan sai su durƙushe a kan gwiwa. Da na shiga sai suka yo kaina suna tsattsagar ƙafata inda zufa ta gangaro, na ɗauka yunwa ce ta sa suke neman cin mutum.

Baba yana zaune gindin mangwaro, sandarsa a tsakanin ƙafafu, yana kallonsu. Kusan kullum sai an fitar da gawa. In Mama ta wuce da ita a hannu, sai ya kau da kai wajen katanga. Ita kuma ta ce annoba ce, ta yi ta jiƙa musu sassaƙen maɗaci.

Gaskiya abin ya ba ni haushi, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu. Mutum biyu masu furfura, kowa yana son ɗan'uwansa, sun zauna suna kallon gida yana rubewa don taurin kai. Ni kaina ban san wa zan gaskata ba. Na san Baba ba ya ƙarya, na kuma san mutumin da ya yi watanni bai ɗanɗana gishiri ba yana iya yin abin da bai taɓa yi ba. Na same shi na durƙusa na ce, Baba, in da gaske na tsuntsaye ne, ka sake gaya mata, ka yi mata bayani yadda za ta gane. Ya daɗe yana motsa baki kafin maganar ta fito.

"Na faɗa."

Iyakar abin da na samu ke nan. Sai na kama biyu daga cikin waɗanda suka fi jin jiki, na sa a kwando, na hau kabu-kabu zuwa wurin malamin dabbobi. Wani dattijo ne daga can yammacin jiha, mai magana a nitse. Ya buɗa bakinsu, ya ja fatar ido, ya matsa gwiwoyinsu, ya shafa ƙirjin da ba komai sai ƙashi. Ya tambayi abin da suke ci, na faɗa. Ya tambayi abin da suke ci a da, na lissafa masa iya abin da na sani, har da ledojin nan uku.

"Malama, wanga ba annoba ba ce," ya ce. "Yunwa ce, ga ciki cike."

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani, ni ma da nake koya wa wasu. Ya ce talo-talo ba kaza ba ne, girmansa da sauri yake, abin da zai riƙe kazar gida ba zai riƙe shi ba. Naman jiki da gashi da wasu ƙananan sinadarai ake gina su, ana ce musu amino asid, kuma dole kowanne ya samu daidai. In ɗaya ya gaza, sauran ko sun yi yawa asara ce, jiki ba zai iya aiki da su ba. Masara da dusa suna da ƙarancin wani da ake kira laisin, shi ya sa ake sa waken suya da kifi, a kuma ƙara da farin garin da ake sayarwa a shagon kayan kaji. Ya ce yana kyautata zaton shi ne abin da ke cikin leda ta uku.

Da na kawo maganar gishiri, sai ya ce Mama ba ta yi kuskure ba, in ya yi yawa yana kashewa, da sauri ma. Amma in babu shi sam, shi ma yana kashewa, sai dai a hankali. Tsuntsu ya daina girma, ya fara cin ɗan'uwansa, yana neman abin da jininsa ya rasa. Ɗan kaɗan ake sawa, abin da bai cika tafin hannu ba a buhu guda. Kanwar kuma, ya ce, ita ke daidaita sauran. Gishiri da garin laisin suna jan jini ɓangare ɗaya, hakin da tsuntsu ke yi a zafi yana zubar da wani abin, ita kuma 'yar kanwar tana mayar da ma'auni, ƙafa ta yi ƙwari, ci ya dawo. Ya ce duk wanda ya ajiye ukun nan wuri ɗaya, abincin tsuntsu yake haɗawa.

Na fito ina jin kamar in yi gudu. Na tsaya na sayi komai, na iso gida na tarar da Mama tana tankaɗe, na zazzage mata labari tun ban ajiye kwando ba. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce malamin ai namiji ne, kuma maza ba sa tona wa juna asiri. Ta ƙara da cewa ko da tsuntsu yana cin gishiri, wannan bai nuna mai tsuntsun bai lasa ba.

Na ɗaga mata murya ranar, abin da ban saba ba. Na ce mijinki ne fa, ba ɓarawon kasuwa ba. Ta bar ni na gama, ta ce ita ba ta karɓar magana a bakin kowa kuma, sai abin da idonta ya gani. Ta sa aka kawo zana aka raba ɗakin talo-talon biyu. Na ɓangaren dama za su ci haɗin malamin, na hagu su ci gaba da cin nata. Ita za ta auna da hannunta, gishirin kuma a akwatinta zai zauna, makulli a bakin zaninta. Na roƙe ta, kafin nan ko magana mai daɗi ta riƙa yi masa. Ta ce in ta gani.

Baba yana gindin mangwaronsa aka wuce da zanar. Ba wanda ya gaya masa komai, amma ya gane. Da na kai masa ruwa ya ɗan yi murmushi da gefen bakinsa mai lafiya.

"An kafa mini kotu," ya ce. "Talo-talo ne shaidu."

Hutu ya ƙare na koma Mahuta. Ina kiran Mama a waya, tana ba ni labari guntu-guntu kamar ana cire mata haƙori. Na ɓangaren dama sun daina figar juna. Bayan kwanaki, sun fara tashi tsaye. Bayan wasu kwanakin, gashi yana tsirowa, kuma cinsu ya ninka. Na ce to, Mama, me ya rage? Ta ce an yi ruwan farko, gari ya yi sanyi, wataƙila shi ne. Na ce ruwan a ɓangare ɗaya ya sauka? Ta kashe wayar.

Daga baya ta gaya mini cewa tun a lokacin ta sani. Ta ce tana tsayawa a bakin zanar nan ta dubi dama ta dubi hagu, ta ga bambancin da idonta. Ta kuma lura da wani abu da ya fi tsuntsayen damunta. Da take aunawa da kanta, ta ga yadda ledar gishiri ke raguwa a hannunta, ta tuna yadda ta samu tasa, ta ga babu wani rara da mutum zai lasa. Abin da ya hana ta magana, ba ta san ta inda za ta fara ba. A zamansu duka ba su saba da ba da haƙuri da baki ba. In an yi faɗa, sai ta dafa abin da yake so, shi kuma ya gyara mata wani abin da ya lalace, shi ke nan an shirya. Yanzu abin da yake so ba ta da ikon dafawa. Sai ta yaye zanar, ta haɗe tsuntsayen, ta ɗauki robar da makullin sito ta ajiye a ƙofar ɗakinsa, tana fata zai gane. Ta ce wa kanta ranar Lahadi in sun dawo daga coci za ta zauna ta faɗa da baki.

Robar tana nan inda ta ajiye ta, bai taɓa ba. Ko bai gane ba ne, ko ya gane yana jiran bakin, wannan ba mai gaya mana. Kafin Lahadin, da hantsi, ya fito daga wanka ya faɗi a bakin ƙofa.

Na iso asibiti na tarar da ita zaune a gefen gadon, ta riƙe hannunsa mai lafiya, ta sunkuya tana yi masa magana da C'lela, harshensu na gado da ba sa yi sai in magana ta kai magana. Ta daɗe tana yi. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce wani lokaci suna ji. Na dubi fuskarsa iya dubawa, ban ga alamar komai ba, kuma ba zan ce na gani ba don in sanyaya wa kowa rai. Bai farfaɗo ba.

A zaman makoki gida ya cika, an kafa rumfa har waje. Ina raba ruwa ina jin maganar tana bin layin kujeru ƙasa-ƙasa. Gishiri ne. Ai an ce har a akwati yake ɓoyewa. Allah sarki, matar ta yi fama. Na cije leɓe na wuce, don in na buɗe baki a ranar ba za a ji da daɗi ba.

Can sai shugabar zumuntar mata ta zo, tsohuwa mai kirki wadda ta yi ta yi mana addu'a da zuciya ɗaya. Ta rungume Mama ta ce kada ta zargi kanta, ta yi iyakar yinta, shi ne bai ji ba. Mama ta zame jikinta ta miƙe tsaye. Muryarta ta dushe, amma har waje an ji ta.

"Bai ci ba. Na talo-talo ne, kamar yadda ya faɗa. Ni ce na kawo muku maganar, kuma ba gaskiya ba ce. Mijina bai yi mini ƙarya ba."

Matan suka dubi juna, wasu suka sunkuyar da kai, wata ta share hawaye. Shugabar ta kamo hannunta ta zaunar da ita a hankali, tana bubbuga bayanta, ta juya ga ƙananan matan da ke zaune a tabarma ta ce su gani su koya, haka mace ta gari take rufa wa mijinta asiri har bayan ransa. Suka ce amin.

Mama ta buɗe baki za ta sake magana, sai aka ɗauki waƙa. Ta waiwayo ta neme ni a cikin mutane, na zo na durƙusa a gabanta, ta kama wuyan hannuna ta matse.

"Ya gaya mini da bakinsa," ta ce, "na tafi tambayar tsuntsaye."